Tari da Zazzaɓi ga Mai Shan Maganin Sankarar Jini

Ɗan'uwa, idan kai ko ɗanka kuna karɓar maganin sankarar jini a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Asawase ke kira Gee, wannan darasi naku ne. Ku karanta shi tare da duk wanda ke jinya a gida.

Me ya sa huhu ke shiga haɗari?

Sankarar jini mai saurin tsanani tana farawa ne a cikin ɓargo, inda jiki ke yin jini. Maganin yana kashe miyagun ƙwayoyi, amma yana rage fararen ƙwayoyin jini masu tsare jiki daga cuta. Sukan fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa magani. A lokacin nan mara lafiya ya riga ya koma gida, mai yiwuwa ma yana jin sauƙi. Huhu kuwa yana shaƙar duk abin da ke cikin iska, shi ya sa cuta takan fara kama shi.

Abubuwan da kan same shi su ne limoniya, da cutar fumfuna irin wadda ke kan ruɓaɓɓen hatsi, da tarin tibi da ya daɗe a kwance, da taruwar ruwa, da zubar jini a cikin huhu idan ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ragu. Duka sukan zo da kama ɗaya. Sai likita ya ɗauki hoton ƙirji, ya gwada jini da majina, kafin ya bambanta su.

Alamun da ba a jira da su

1. Zafin jiki ya kai digiri 38, ko rawar ɗari.
2. Sabon tari, ko da kaɗan ne.
3. Numfashi da sauri. Ga yaro ɗan shekara 1 zuwa 5, sau 40 ko fiye a minti ɗaya.
4. Ciwon ƙirji idan an ja numfashi.
5. Jini a majina.
6. Leɓe ya canza launi, ko mara lafiya ya rikice.

In kun ga ɗaya daga cikinsu, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. In babu mota, ku kira 112. Kada ku ce zazzaɓin sauro ne ku sayo magani a kemis, domin a jikin da ba shi da kariya cuta takan ci ƙarfin mutum cikin sa'o'i kaɗan. Kada ku ba da farasitamol kafin ku auna zafin jiki, yana ɓoye zazzaɓi. Asfirin kuma yana ƙara zubar jini. Da isarku ku gaya wa nas cewa mai shan maganin sankara ne, ku nuna katinsa.

Kariya a gida

Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku koyi karanta shi. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa mara lafiya. Masu zuwa dubiya da mura ko tari su yi gaisuwa daga ƙofa. Wannan ba wulaƙanci ba ne. Mara lafiya ya nisanci shara, da akurkin kaji, da ɗakin tattabaru, da wurin gini, da masara ko gyaɗa mai fumfuna. Kada a kunna gawayi ko maganin sauro na hayaƙi a ɗakinsa, a ɗaura masa gidan sauro. Lokacin hunturu, ko in dole ya ratsa cunkoson Kejetia, ya rufe hanci da baki da takunkumi. In likita ya rubuta Septrin, a sha yadda ya faɗa, domin yana hana wata irin limoniya.

Tambayoyi

1. A waɗanne kwanaki ne kariyar jiki ta fi raguwa?
2. Wa zai kai mara lafiyarku asibiti in zazzaɓi ya zo da dare? Ku tsai da wannan shawara tun yau.