Darasi na Tara: Tiyatar Ƙuna Mai Tsanani

1.0 Gabatarwa

Fata ita ce garkuwar jiki. Ita ke tare ƙwayoyin cuta, ta riƙe ruwan jiki, ta kuma daidaita ɗuminsa. Idan wuta ko tafasasshen ruwa ya cinye ta, jiki ya zama gida ba danga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu tasowa. A ƙasar Hausa, wutar jin ɗumi da fashewar risho da gobarar fetur suna cikin sanannun musabbabanta. Tankar man da ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024 ta hallaka fiye da mutum 150. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa ƙuna mai zurfi take buƙatar tiyata.

2.0 Auna Ƙuna

Likita yana duba faɗin ƙuna da zurfinta. Wajen auna faɗi, tafin hannun majiyyaci haɗe da yatsunsa yana daidai da kusan kashi 1 cikin 100 na fatarsa. Dangane da zurfi kuwa, idan saman fata kawai ya ƙone, sabuwa takan tsiro daga saiwar gashi da matsirgar gumi cikin mako biyu zuwa uku. Amma idan wuta ta ci fatar har ƙasa, to irin shukar ya ƙone, babu abin da zai tsiro. Irin wannan wuri yakan yi fari ko baƙi, ya sandare, sau da yawa kuma ba ya zafi domin jijiyoyin ji sun mutu. Rashin zafin ne ke yaudarar dangi su jinkirta zuwa asibiti.

3.0 Matakan Tiyata

Bayan an ƙara wa majiyyaci ruwa, sai a cire matacciyar fata, domin ita ce matattarar ƙwayoyin cuta. A da akan jira makonni har ta saɓule da kanta. A 1970 wata likita 'yar Sulobeniya, Zora Janzekovic, ta bayyana dabarar fere ta kaɗan-kaɗan tun a kwanakin farko, har a tarar da nama mai jini. Wannan ya rage mace-mace da daɗewar jinya.

Daga nan sai dashen fata, wanda Jacques Reverdin ya share wa fage a birnin Faris a 1869. Akan yanko siririyar fata daga lafiyayyen sashe na jikin majiyyacin, galibi cinya, a shimfiɗa kan ciwon. Idan ciwon na da faɗi, sai a huhhuda ta kamar raga domin ta baje. A kwana biyun farko dasasshiyar fatar tana rayuwa ne da ruwan da take tsotsa daga ciwon, sannan jijiyoyin jini su ratsa ta, ta kama cikin kusan mako guda. Wurin da aka yanko ta yakan warke cikin kimanin mako biyu. Fatar wani mutum ba ta zama dindindin, domin jiki yana ƙin baƙuwar fata.

Bayan dashe ana buƙatar abinci mai gina jiki da motsa gaɓoɓi, don kada tabo ya ƙanƙance ya manne wuya da ƙirji ko ya nannaɗe yatsu.

4.0 Kammalawa

Malami shi ne na kusa idan ɗalibi ya ƙone. Abin da ya wajaba a kansa shi ne kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, da rufe shi da tsabtataccen ƙyalle, da gaggauta zuwa asibiti. Ƙanƙara da ɗanyen ƙwai da manja da man goge baki duk ba su da gurbi a kan ƙuna.

5.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa ƙuna mai zurfi ba ta warkewa da kanta?
2. A bayyana yadda dasasshiyar fata take kamawa.
3. A tsara gajeren darasi kan taimakon gaggawa ga wanda ya ƙone, domin 'yan aji biyar na firamare.