Haƙƙin Samari a Kan Shugaban Aiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi waɗanda aka damƙa wa samari a wajen ayyukan jama'a. Mu ɗauki misalin Jakara, rafin nan da ya ratsa birnin Kano ta gefen Kasuwar Kurmi. A zamanin gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, an soma aikin rufe shi domin a shimfiɗa titi a bisansa. Injiniya ne ke tsara irin wannan aiki, amma samari ke shiga cikin laka da diga da shebur da kwanon sarki. In shugabansu ya zalunce su sai su yi aikin ganin ido, ranar da ruwa ya yi gyara kuwa gidajen talakawa ne za su ci.

To, yaya Musulunci ya ce a riƙe su? A shekara ta 5 bayan Hijira, da ƙungiyoyin abokan gāba suka nufo Madina, Salmanul Farisi ya ba da shawarar a haƙa gwalalo. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya karɓa, ya yanka wa kowane mutum goma rabonsu, sa'an nan ya shiga yana jidar ƙasa tare da su, alhali yunwar da ke cinsu ita ke cinsa. Ga darasi uku a nan: jin shawarar na ƙasa, raba aiki da adalci, da shan wahala tare. Shugaban da ke zaune a inuwa yana daka tsawa bai bi wannan sunna ba.

Sai kuma ba su amana. A shekara ta 11 Annabi ya shugabantar da Usamatu ɗan Zaidu a kan runduna mai manyan sahabbai, yana saurayi. Da aka yi gunaguni ya tabbatar da cancantarsa. Saboda haka ɓoye wa yaro sirrin sana'a don tsoron kada ya fi ka, cin amana ne. Wa zai gyara gada in tsofaffin magina sun kwanta dama?

Game da lada, Ibnu Majah ya ruwaito umarnin a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Wanda ya zaftare kuɗin lebura, ko ya rubuta sunayen waɗanda ba su zo aiki ba, ya ci haram, kuma ya koya wa na baya sata.

Ku kuma samari, girmama na gaba da kyautata aiki wajibi ne a kanku, ko ana kallo ko ba a kallo, gama Allah Yana gani.

Allah Ya sa mu fita haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, amin.