Ƙunci da Figar Gashi a Wurin Aku: Nazari Daga Ƙasar Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Aku tsuntsu ne mai daraja a idon Bahaushe, har Abubakar Imam ya naɗa shi waziri a cikin Magana Jari Ce. Amma sau da yawa akun da aka ajiye a keji yakan daina magana, ya taƙure, daga nan ya shiga fige gashinsa da bakinsa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan hali ba mugunta ba ne, alama ce ta rashin dacewar tsuntsun da mazaunin da aka kawo shi.

Asalin Aku

Aku mai launin toka da jar wutsiya ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Mazauninsa kurmi ne, daga kudancin Nijeriya zuwa Kamaru da Kwango, fatake ne ke kawo shi arewa. A can yana tashi cikin garke, yana yini neman 'ya'yan itatuwa, musamman kwakwar manja. Ƙasar Gaya da Ajingi kuwa fili ce ta gero da dawa da gyaɗa, damina gajera, rani mai tsawo. Daga wannan bambanci ne matsalar take tasowa.

Dalilai

Na farko, kaɗaici. Tsuntsun da ya saba da 'yan'uwa, in aka rataye shi a zaure kowa ya tafi gona, ba shi da abokin hira. Wani bincike da aka buga daga Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2014 ya nuna alamun tsufa sun fi saurin bayyana a ƙwayoyin jikin akun da ke zaune shi kaɗai.

Na biyu, zaman banza. Abinci na gabansa, ba abin ɓarewa, ba reshen gwaguya, sai bakin ya koma kan gashinsa.

Na uku, abinci. Gyaɗa zalla ta cika mai, ga ƙarancin bitamin A da sinadarin ƙarfafa ƙashi, wadda ta yi fumfuna kuwa tana lalata hanta.

Na huɗu, yanayi. Busasshiyar iskar hunturu da ƙura suna sa fata ƙaiƙayi, hayaƙin murhu kuma ya ƙara. Haka nan tsoron kyanwa, da tsokanar yara, da hasken da ke hana shi barcin sa'a 10 zuwa 12.

Na biyar, ciwo, kamar ƙwarƙwata ko cutar fata. Akwai alamar da ke taimakawa: akun da ke figar kansa, ƙirji da cinyoyi ne ke yin tsirara, gashin kai yana nan, domin bakinsa ba ya kaiwa can. In har kan ma ya zube, to a tuhumi cuta ko wani tsuntsu.

Magani

A fara kai shi ga likitan dabbobi. Sannan a sauya masa keji mai faɗi, a ajiye inda mutanen gida ke zama, nesa da murhu. A haɗa masa da gwanda da mangwaro da karas da kabewa, a riƙa yayyafa masa ruwa da hantsi. Tsawa da duka ƙara tsoro suke yi. Gashin da aka daɗe ana figewa kuwa wani lokaci ba ya sake tsirowa.

Kammalawa

Aku yakan kai shekara 40 ko fiye a hannun mutum, saboda haka ɗaukarsa amana ce mai tsawo. Yawan kama shi ya rage shi a kurmi, har a 2016 taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Wanda yake da aku a gida, haƙƙinsa ne ya kyautata masa. Wanda kuwa bai saya ba, alherin da ya fi shi ne ya bar tsuntsun a garkensa.