Mu Yi Farin Allo da Tsohon Gidan Hoto

Jama'a masu karatu, manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi allo. Kowa ya san baƙin allo da alli. Amma akwai wani iri, fari, wanda ake rubutu a kansa da alƙalamin da ake kira marka, a shafe da tsumma, babu ƙura. Na kanti yana da tsada. To, da tsohuwar zuma ake magani: tsohon gidan hoto, wato katakon nan mai gilashi da ake sa hoto ciki a rataye, ya isa a yi shi.

Mene ne amfaninsa?

Mantuwa tana jawo hasara. Uwa ta manta ranar rigakafi, yaro ya kamu da ƙyanda. A bankin cimaka a ba da bashin hatsi, lokacin biya ya zo, wannan ya ce tiya 8 ya ɗauka, ma'aji ya ce 10, zumunci ya ɓaci. Abin da aka rubuta a bango, kowa yana gani, ba ya zama abin gardama. Gani ya kori ji.

Kayan da za a tanada

1. Tsohon gidan hoto mai gilashi lafiyayye. Mai tsawon santimita 50 da faɗin 40 ya isa amfanin gida. Na ƙungiya ya kamata ya fi haka girma. Ana samu wajen masu tsofaffin kaya da kafintoci, kamar a kasuwar Katako ta Yamai ko kasuwar Dole ta Damagaram.
2. Ɗan fenti da buroshi.
3. Farar takarda mai kauri, daidai girman gilashin.
4. Ƙananan ƙusoshi, da manya guda 2, da waya.
5. Sabulu, ruwa da tsumma mai laushi.
6. Marka irin mai shafuwa.

Yadda ake aikin

Da farko a kwantar da gidan hoton rub da ciki a kan tabarma. A cire ƙusoshin baya, a ɗauke kwalin da ya tare hoton. In ayoyi ne ko sunan Allah a ciki, a adana takardar wuri mai tsabta. Sai a naɗe hannu da tsumma a ɗaga gilashin a hankali, domin bakinsa yana yanka kamar aska.

Na biyu, a wanke gilashin ciki da waje da ruwan sabulu, a ɗauraye, a jingine shi a inuwa inda yara ba su kai ba. A bari ya bushe sarai. In aka rufe shi da laima, takardar za ta yi tabo.

Na uku, a duba katakon. In kusurwa ta saki, a ƙarfafa ta da ƙaramar ƙusa. In gara ta cinye shi, a nemi wani. A goge datti da jiƙaƙƙen tsumma, in ya bushe a shafa fenti sama sama. A bari ya kwana, washegari a ƙara shafawa ta biyu. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri ƙarko. A yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, da safe kafin ƙura ta tashi.

Na huɗu, a yanke farar takarda daidai da gilashin. Nan dubarar take: duk abin da ba a son ya shafe, kamar layuka, sunayen ranakun sati ko na watanni, a kan wannan takarda ake rubuta shi. Tana bayan gilashi, tsumma ba ya taɓa ta. Wanda ba ya bukatar layuka yana iya shafa farin fenti sau 2 a bayan gilashin, maimakon takarda.

Na biyar, a mai da gilashin gurbinsa, a ɗora takarda, rubutunta yana fuskantar gilashi, a rufe da kwalin, a mai da ƙusoshi. A ɗaura waya a baya. A bangon ƙasa a kafa dogayen ƙusoshi 2, bakinsu ya ɗan karkata ƙasa, don su riƙe nauyi. A rataye daidai idon babban mutum, inda hasken rana ba ya dukan gilashin, don ƙyalli yana hana karatu.

Me ya sa rubutun yake shafuwa?

Katako da kwali suna da ƴan ramuka da ido ba ya gani, shi ya sa suke shan tawada. Gilashi ba shi da su. Tawadar marka mai shafuwa kuma an haɗa ta da wani abu mai maiƙo da yake hana ta kama wuri. Ruwanta yana bushewa nan da nan, launin ya zauna a sama kamar garin toka. Amma akwai wata marka wadda ba ta shafuwa. Don haka a gwada a kan gilashi ko kwalba tun a gaban mai kanti. In an yi kuskure an rubuta da ita, a goge da alkol irin na gidan likita, ko a bi ta kan rubutun da mai shafuwa a share da sauri. A riƙa rufe bakin marka bayan aiki, kada a bar ta a rana.

Hattara da lafiya

Wani tsohon fenti yana da dalma a ciki. Dalma guba ce. Tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, tana cutar da mace mai ciki. A shekarar 2010, a jihar Zamfara da ke maƙwabtaka da Maraɗi, gubar dalma da ta fito daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Saboda haka kada a kankare tsohon fenti a bushe, kada a ƙone shi, kada yara su zauna kusa. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Gwangwanin fenti kuma bai dace da zuba ruwan sha ko abinci ba, ko an wanke shi.

Abin da za a rubuta

A gida: ranakun rigakafin jariri, wato ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da sauran ranakun da ma'aikacin lafiya ya sa cikin karne. A bayan gilashi kuma a rubuta haɗin ruwan gishiri da sukari na mai zawo: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A gona: ranakun da ruwa ya sauka, ranar shibka, ta noman farko da ta maimai, da yawan damman da aka sa a rumbu.

A ƙungiya: zubi da bashi. Mata Masu Dubara, da suka fara a yankin Maraɗi a 1991, suna zubi kowane sati. Irin wannan allo zai nuna wa kowace mace abin da ya shiga asusu da abin da ya fita. Sai dai allo ba ya maye gurbin littafi, domin yatsan yaro ma yana iya shafe shi. Kafin a tashi daga taro, sakatare ya kwafe lissafin cikin littafi a gaban kowa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake rubuta layuka a bayan gilashi?
2. Wace cuta tsohon fenti yake iya jawowa yara?
3. Mata 25 suna zuba dala 20 kowane sati. Dala nawa za a rubuta a allo bayan sati 4?

Ku tattauna amsoshin da malaminku, sa'an nan kowace cibiya ta gwada yin nata allo kafin damina ta faɗi.