Yadda Ake Zaɓar Sandar Kamun Kifin Salmon Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba

A Sikotilan da Norwe ana kama salmon da ƙudan bogi, wato ƙugiyar da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu. Mai son shiga harkar yakan tsaya a kanti yana wasiwasi tsakanin sandar fam 250 da wadda ta haura fam 1,000. Shawarar a nan ita ce kogi ya fara yin magana, aljihu ya biyo baya.

Mataki na farko, ka san ruwan da za ka shiga da watan da za ka je. Ana buɗe kamu a kogin Tay ran 15 ga Janairu, a Spey kuma 11 ga Fabrairu, lokacin da ruwa ya cika ya yi sanyi, kifi ya kwanta ƙasa. Nan sai zare mai nutsewa da babban ƙuda, kuma abin da zai ɗaga su shi ne sanda mai riƙon hannu biyu, ƙafa 14 zuwa 15. Idan ruwa ya ja a Yuli da Agusta, ƙafa 12 ko 13 ta wadatar. Ƙananan kogunan da ke tasowa bayan ruwan sama kuwa, sandar hannu ɗaya mai ƙafa 10 ta ishe su. Ka kai ƙafa 15 can, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Mataki na biyu, duba lambar da ke saman mariƙi, kamar 7/8 ko 9/10. Ita ke nuna nauyin zaren da sandar za ta ɗauka. Ƙudan ba shi da wani nauyi, zaren ne ke lanƙwasa sanda ya kai shi tsakiyar kogi. Shi ya sa sanda mai sauƙin kuɗi da zaren da ya dace da ita takan fi mai tsada da aka haɗa da zaren da bai kai ta ba.

Mataki na uku, ka gwada ta a kan ruwa kafin ka biya. Jifan Spey, wanda ya samo asali a wannan kogi a ƙarni na 19 saboda itatuwa da gangaren da ke bayan masunci, yana bukatar ƙarshen zare ya taɓa ruwa, sauran ya yi baka a gefenka, sannan ka tura. Sandar da ke lanƙwasa har kusa da mariƙi tana yafe wa ɗan koyo kuskuren lokaci, mai tauri kuwa sai gwani. Ka yi ta jifa har kafaɗa ta faɗa maka gaskiya.

Sai mataki na huɗu, kuɗi. Wani zai ce araha ba ta ado, kuma yana da hujja: sandunan kamfanoni irin su Hardy, da ke Alnwick tun 1872, sun fi rashin nauyi da kyan mariƙi. Sai dai tun da kabon ya maye gurbin katako da gora da zaren gilashi daga shekarun 1970, tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai araha ta ragu ƙwarai. Wanda ke kwana 40 a kogi duk shekara zai ji bambancin a hannunsa, mai mako guda da wuya ya ji. Ka kuma tambaya ko ana samun ɓangaren canji, domin yawancin sandunan gaɓa huɗu ne, kuma kan sanda ne ke yawan karyewa a ƙofar mota.

Abin da ya rage a hannunka, ka zuba shi a zare mai kyau, da darasi wajen malamin jifa, da takardar izini, tunda a Sikotilan haƙƙin kamun salmon na masu shi ne, ba a jefa ƙugiya sai da yardarsu. Wanda ya ƙarar da guzurinsa a kanti, daga kan gada zai kalli kogin.