Darasi: Kayan Kirsimeti da suka shigo gidajenmu

Bikin Kirsimeti ya wuce, baƙi sun koma Kano da Kaduna da Legas, amma sun bar mana abin hannu. Wasunmu sun sami bargo, wasu tocila ko fitilar sola, gidaje da dama kuma sun karɓi gidan sauro a rabon da aka yi a majami'a. A darasin nan muna so mu duba yadda za mu riƙe waɗannan kaya, domin wanda aka fi rainawa a cikinsu shi ne ya fi tsare rai.

Mu fara da gidan sauro. Matsalarsa ita ce yana zuwa a lokacin da ba mu jin bukatarsa. A Disamba da Janairu hunturu ya kori yawancin sauro, sai mai gida ya ce a ajiye sai damina. Kafin damina ta faɗi kuwa an samo masa wani aiki. Mun gani da idonmu a ƙauyukan Gwarzo da Kabo: an kewaye renon tumatir da shi, an rufe 'yan tsaki don shaho, samari sun ja shi cikin ruwa suna kamun kifi. Ba mu ce akwai mugunta a ciki ba, talauci ne ke koya wa mutum dabara. Amma idan Agusta ta zo, yaro ya kwanta da zazzaɓi, kuɗin magani da na mota zuwa asibiti sun fi ƙarfin abin da tumatir ɗin ya kawo. Kifin ma bai tsira ba, gama ramukan ragar ƙanana ne, tana kwashe har 'ya'yan kifi, maganin da ke jikinta kuma guba ne gare su.

Wannan ba sabon kaya ba ne a wurinmu. A shekarar 2009 Jihar Kano tana cikin jihohin farko da aka yi rabon gidan sauro mai magani, biyu ga kowane gida. Duk da haka rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu su ne cutar ta fi kayarwa, saboda haka idan gidan sauro ɗaya ne a gida, su ne da shi, ba mai gida ba. Waɗanda ke kusa da dam, kamar Guzuguzu ko Challawa, da masu noman rani a fadama, su sani cewa sauro bai tafi ko'ina ba a wurinsu. Su rataya nasu tun yau.

Idan an fitar da sabo daga leda, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki, don kada ya sa ƙaiƙayi. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa ta kowane gefe. Idan ya yi datti a wanke shi a hankali da sabulun sanda, ban da bilic, a shanya a inuwa, gama rana tana rage ƙarfin maganin. An yi shi ne ya jure wanki kamar sau 20, ya yi shekara 3. Ƙaramin rami kuwa allura da zare sun ishe shi.

Bargo ba ya bukatar koyarwa, sai dai akwai abin da muke roƙo ya maye gurbinsa, wato kaskon wuta a cikin ɗaki. A daren hunturu sanyi kan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, tsofaffi da masu jego suna shan wuya, sai a ɗebo garwashi a shigar, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum yakan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, jikinsa ya mutu, barci ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa. Sau da yawa akan ce zazzaɓi ne, ko a ce iskoki. Alamar ita ce duk waɗanda suka kwana ɗakin, har jariri, su tashi da ciwo iri ɗaya. Idan haka ta faru a buɗe ƙofa, a fitar da su waje nan take, a kai su asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. A ji ɗumi a tsakar gida, a fitar da kasko kafin a kwanta. Hayaƙin janareta ma haka yake, kada a kunna shi a ɗaki ko a bakin taga.

Fitilar sola kuwa ƙura ce abokiyar gabanta a wannan lokaci. Hazo yana rage rana, ƙura tana rufe farantin, sai mu ce kayan jabu ne. A goge shi da tsumma mai laushi kowace safiya. Kada a bar dukan unguwa su yi cajin waya da ita har a rasa haske da dare, gama amfaninta na fari shi ne a ga hanya idan an fita bayan gida, inda kunama da kububuwa suke, a kuma daina barin aci-bal-bal kusa da gidan sauro da zana. Tsohon batirin tocila kada a jefa shi a wuta ko kusa da rijiya, kada kuma a bar wa yara.

Don tattaunawa a zumuntar mata da ta matasa ranar taro: Gidaje nawa ne a ikkilisiyarmu gidan sauronsu ke rataye a yanzu? Waɗanne gwauraye da tsofaffi ne rabon bai kai gare su ba, wa zai je ya duba ɗakin da suke kwana kafin Lahadi mai zuwa?