Amsa Ga Mai Tsaron Gida Daga Kafanchan

Tambaya: Malam, ina son tsaron gida a wasan ƙwallon ƙafa ya zama sana'ata, amma mahaifina ya ƙi.

Amsa: Ɗana, ka sani cewa mai tsaron gida, wanda jama'a kan manta ƙwallayen da ya kaɗe su riƙe guda ɗaya da ta zille masa, ba ya ɗorewa sai da haƙuri da natsuwa, waɗanda da su ne mai tsaron gida Vincent Enyeama ya ɗaga kofin Afirka a 2013. Amma tun da ƙarfin jiki amana ce mai ƙarewa, wajibi ne ka riƙe karatunka, ka nemi yardar mahaifinka da ladabi, ka jure kujewar gwiwa a busasshen fili lokacin hunturu, sa'an nan ka nemi gwaji a Kaduna. Allah ya yi maka albarka.